Kaurar da Kaka Ya Bar Mini

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Kaka, kuma a kwana ukun nan ban ga wanda ya zo ta'aziyya ya tashi bai ambaci dawa ba. Rumfar da aka kafa ta cinye rabin layinmu a Gadarif. Dangi sun zo daga Mafaza, sun zo daga Fau. Kowa ya shigo sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha, a miƙa masa shayi, sannan ya soma: Allah ya jiƙan mai kaura.

Wani tsoho ɗan Mafaza, abokinsa tun suna samari, ya yi ta kuka har rawaninsa ya kwance, yana cewa, "Igiyar da ta ɗaure mu da gida ta tsinke." Wata mata daga Fau ta ce duk 'ya'yanta babu wanda bai ɗanɗani kunun kaurarsa ranar suna ba. Maƙwabcinmu Balarabe mai matsar man riɗi ya gwada 'yar Hausarsa, yana ce wa mutum zol irin na yarensu: "Zol ɗin nan, wallai, amana ce take tafiya da ƙafa biyu."

Ni ina tsakar gida wajen mata, ina wanke kofunan shayi. Duk wadda ta wuce sai ta saci kallona. Ƙanwar mahaifiyata ta tsuguna kusa da ni ta ce a hankali, "Ki yi kuka, ya bitti, 'yata, ki roƙi gafararsa. Mamaci yana ji." Kukan kam na yi shi har idona ya kumbura, amma ba na neman gafara ba ne.

Kafin a fita da shi, Baffa, babban ɗansa kuma yayan mahaifina, ya tsaya a bakin ƙofar mata ya ce, "Ku yafe masa." Gida ya amsa baki ɗaya, mun yafe duniya da lahira. Ni kaɗai na yi shiru. Ba wanda ya lura, don ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa ni ce mai abin yafewa.

Kaka mahaifin babana ne. A jikokinsa duka ni ya fi so, ni ma ban haɗa shi da kowa ba, kuma shi ne ya ci amanata. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da rabinsa kawai.

Labarin da muka tashi da shi shi ne, kakan Kaka ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, da jakar fata a wuyansa, cikinta irin kaura. Ya tsaya Gadarif ya yi noma don ya sami guzuri, sai guzuri ya zama gida. Tun daga lokacin kaurar nan ba ta yanke ba. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ita a kowane zamani, shi ke shuka ta a wata 'yar gona, don tana jinkirin nuna kuma ba mai yi mata babban fili. In an girbe sai ya zaɓi iri, ya raba kashi uku: ɗaya a gidanmu, ɗaya gidan danginmu na Mafaza, ɗaya na Fau. A rataye zangarniyoyin a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai riƙa dukansu. Sauran hatsin kuma na suna ne. Duk jaririn da aka haifa a zuriyar nan, ranar bakwai ana dama wa uwarsa kunun kaura, mai riƙe da iri ya dangwali kaɗan ya shafa a leɓen yaron, ya ce, "Daga gida ta zo, kai ma daga gida ka zo."

Wanda bai tashi a nan ba ba zai san nauyin maganar nan ba. Ina aji huɗu wata yarinya ta ce mini a gaban mutane, ku ba ku da asali, hanya ce ta zubar da ku. Na yage mata littafi, aka zane ni, na dawo gida ina majina. Kaka bai rarrashe ni ba. Ya shiga ɗakin girki ya sauko da zangarniya ɗaya, baƙa ƙirin da hayaƙi, ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Amarya, gobe ki tambaye ta, ita me kakanta ya riƙo?" Ranar da zangarniyar nan na kwana, Inna ta yi ta faɗa na ɓata mata zanen gado.

Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa tsohon ango mai haƙori uku. Yakan ce zai sake ni don ban iya dafa jabana, gahawarmu ta nan, ba, in ce ai ni ma na gaji da mijin da ba ya cin burodi. Da gaske ba ya ci. Wai burodi iska ce aka gasa. Ba ya sallah da agogo a hannu, ba ya barin a zubar da ruwan wankin hatsi sai a gindin lemun tsami, kuma duk yawonsa ba ya zuwa garin Showak. In tafiya ta bi ta can sai ya ce gwiwarsa ta motsa, mu yi ta tsokanarsa wai akwai tsohuwar budurwar da yake gudu.

Kyauta kam ba ta yi masa wuya. Lokacin da yaƙi ya koro mutane suka cika makarantun garin nan, ya buɗe rumbunsa na farar dawar nan feterita ya ce a riƙa ɗiba har sai an ga ƙasa. Baffa ya yi magana, ya ce masa, "Mu ma a hanya aka tsince mu." Amma kaura ko ƙwaya ɗaya ba ta fita sai ta hannunsa. Maganar da ya fi yawan yi ita ce, "Iri ba ya kwana gida ɗaya." Ya faɗe ta a gona, ya faɗe ta a masallaci, ya faɗe ta har ga wanda ya zo neman shawarar aure. Shekarar da ambaliya ta yanke hanyar Mafaza, a kan jaki ya kai musu kasonsu, yana da shekara saba'in da wani abu.

Ranar zaɓen iri ni nake riƙe masa kwando. Ba ya taɓa zangarniyar bakin gona komai kyanta. Sai mun kutsa tsakiya, baƙar laka ta kama mana ƙafa, sannan ya fara dubawa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Na bakin gona 'yan gulma ne. Kullum suna hira da dawar maƙwabta, 'ya'yansu ba sa kama da su."

Ni Larabci na shiga jami'a in karanta, in fito in koyar. Tun a sakandare na yi hannun riga da kimiyya. Sai ga shi a shekarar farko an ce dole kowa ya ɗauki darasin ilimin halittu, har da mu masu nahawu. Na dawo gida ina tsaki. Kaka ya ce, "Ke da za ki koyar da 'ya'yan manoma, ba ki son sanin abin da ke cikin tuwonsu?"

Malamar wata mace ce mai sanyin murya, duktora muke ce mata, ta yi shekaru tana aikin dawa a wajen Fau kafin ta dawo koyarwa. Ba ta raina mu don ba 'yan kimiyya ba ne. Ta sa muka leƙa fatar albasa a madubin ƙara girma, na ga ɗakuna jere kamar gidan haya. Wata rana muka dama ayaba da gishiri da sabulu, aka zuba sibirto mai sanyi, ruwan nan da ake goge ciwo da shi a asibiti, wani farin zare ya taso, ta ce wannan shi ne abin da ke ɗauke da gado daga uwa zuwa ɗa a cikin kowane mai rai. Na kawo shi gida a kwalba. Kaka ya ɗaga ya duba a hasken rana ya ce, "Wannan majinar ce gadon?" Na ba shi labarin wani bature mai ibada da ya yi shekaru yana auren wake da wake yana ƙirga 'ya'yansu. Ya ce, "Wannan manomi ne, ki gaishe shi." Na ce ya mutu tun tuni. Ya ce, "To Allah ya sa ya bar iri."

Da muka zo kan yadda iska ke ɗaukar bununi daga gona zuwa gona ta gauraya iri, na kusa tashi tsaye a aji. Ashe 'yan gulmar Kaka ke nan. A jarrabawa na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, duktora ta karanta wa aji, na zo na gaya masa. Kwana biyu yana yi wa abokansa alfahari wai yanzu shi ake karantawa a jami'a.

Wannan daɗin ne ya kai ni. An ce kowa ya kawo iri daga gida a gwada tsironsa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya kuma faɗi tarihinsa. Ban tambayi Kaka ba, don na san zai ce kaura ba ta yawo. Na zari zangarniya ɗaya daga cikin na suna na sa a jaka. Na tsaya gaban ɗalibai fiye da ɗari na ba da labarin jakar fata da tafiyar ƙafa. A raina da yarinyar nan ta aji huɗu nake magana.

Bayan an tashi duktora ta ce in tsaya. Ta juya zangarniyar a hannunta, ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta ɗauki reza ta raba ta biyu. Bayanta rawaya, cikinta fari fat. Ta ce ta taɓa aiki da kaurar yamma, ita har cikinta rawaya ce, tuwonta ma rawaya ne. Wannan kuwa ta fi kama da safra, dawar nan mai rawayar riga da ake nomawa a ƙasar nan. Na yi dariya na ba ta amsar da aka ba mu tun muna yara: ai baƙar ƙasar Gadarif ce ta shanye mata launi. Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya bitti. Ƙasa tana rage tsawo, tana rage yawa. Wannan kuwa gado ne, ƙasa ba ta wanke shi." Na ce to iska ce ta gauraya ta. Ta ce mai yiwuwa ne, kuma in ina so akwai hanyar sani.

Ni na nace. Ban nace don neman gaskiya ba, na nace ne don in kunyata ta. Muka shuka ƙwayoyin a gwangwani, da suka yi ganye ta yanka ta aika wa wata abokiyar aikinta a babban birni, wadda ke kwatanta zaren gadon dawa iri-iri. Wannan kafin yaƙi ne. Bayan wata biyu takarda ta zo, hoto ne mai layuka-layuka kamar tsani. Duktora ta nuna mini tsanin kaurar yamma, ta nuna na safra, ta nuna namu a tsakiya. Ko makaho ya shafa ya san inda namu ya dosa. Ta ce da gauraya ce, da an ga ko ɗan burbushin kaura. Babu.

Laifina a nan yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ban sami Kaka shi kaɗai ba. Ban taɓa tunanin ya sani ba, na ɗauka shi ma zamani ne ya yaudare shi, wani can baya ya yi kuskure. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, gida cike, ana cin abinci a ƙarƙashin rumfa. Gwaggo, ƙanwar Kaka da ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta, tana gefe tana tsince riɗi a faifai. Na zo da takardata na durƙusa na ce, "Tsohon ango, akwai abin da na gano game da kaura." Na faɗa duka, har da reza.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauke kai ya dubi Baba ya ce, "Ka ji 'yarka. Wanda ya ce kaurar nan ba daga gida ta zo ba, ya ce ubana maƙaryaci ne." Na ce ba haka nake nufi ba, ga takardar. Bai karɓa ba. Ya ce, "Ƙarya take yi. Ta je ta sayar da mu a gaban Larabawa don a ba ta maki."

Ba mari ba ne, amma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Baffa ya fizge takardar ya cusa a murhun shayi. Baba, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya sa na tsuguna gaban kowa na ce na yi ƙarya, na tuba. Na faɗa, don Inna tana bayan ƙofa tana kuka. Gwaggo ba ta ɗago kai daga faifanta ba.

Shekara biyu da rabi aka yi a haka. Labari ya riga ni isa Mafaza da Fau. 'Yan uwana suka sa mini suna Duktora, ba don girmamawa ba. In an yi suna ba a miƙo mini kunu sai in na ɗiba da kaina. Aka ce Inna ce ba ta yi mini tarbiyya ba. Da yaƙi ya tsayar da karatu na dawo gida na zauna, sai aka ce Allah ne ya raba ni da abin da ya ɓata ni. Kwandon zaɓen iri ya koma hannun matar Baffa. Kaka bai sake ce mini Amarya ba. In na gaishe shi yakan amsa, in na kai masa jabana yakan sha, amma ba ya haɗa ido da ni. Ni kuwa na ɗauka fushi ne. Har na fara zargin kaina, ina cewa wataƙila ganyen wani aka haɗa da nawa, wataƙila duktora ce ba ta son mu. Na daina amsa saƙonta, matar da ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Da ciwo ya kwantar da Kaka, wata rana bayan la'asar maza sun tafi masallaci, ya sa aka fito masa da gadonsa na igiya ƙarƙashin rumfa. Ya ce in kawo masa zangarniya da reza. Sai da ya ɓata ƙwaya uku kafin ya raba ɗaya. Ya miƙo mini. Ya ce, "Farin nan na san shi tun ba a haifi ubanki ba."

Ya ce lokacin da mahaifinsa ya rasu ya bar masa iri, shi saurayi ne mai ji da kansa, yana tuƙa tarakta a gonar wani attajiri. Can ya ga yadda manyan manoma ke haƙa matmura, rami mai faɗi, su zuba hatsi su rufe da ƙasa, ya shekara bai yi komai ba. Sai rataya iri a hayaƙi ya zama masa ƙauyanci. Ya ƙi raba kason shekarar. Bai tsaya nan ba, ya je Mafaza da Fau ya karɓo tsohon ajiyarsu, ya ce zai adana musu ta hanyar zamani. Ya haɗa da hatsin suna, ya zuba duka a rami ɗaya a bayan gida. Ruwan farko ya zo da wuri, ya bi tsagar laka ya shiga. Ranar da ya buɗe ramin, zafi ne ya fara dukan fuskarsa, sannan warin tsami. Ya tsince abin da ya ga kamar da rai, ya shuka sau uku. Ko ɗaya bai tsiro ba.

"Abin da ya tsallake hamada a wuyan kakana," in ji shi, "ni na kashe shi a bayan ɗaki." Ya ce ya tafi kasuwa ya nemo dawar da ta fi kama da ita, ya shuka, ya yi shiru. Tsofaffin lokacin sun ga tuwo ya canja launi. Wasu sun gane, suka rufa masa asiri da zancen baƙar ƙasa.

Ban yi kuka ba. Na tambaye shi abu ɗaya: ranar nan da ka ce ƙarya nake yi, ka san gaskiya na faɗa? Ya ce ya sani. Na ce ka ga Baba ya tsugunar da ni? Ya ce ya gani. Na ce shekara biyu da rabi kana kallo ana nuna ni da baki. Ya ce, "Amarya, tsoro na ji. Shekara hamsin ina shafa wa jarirai magana a baki. In na ce ba haka ba ne, me zan ce wa iyayensu?"

Na ce masa zancen rami ban riƙe shi da shi ba, yaro ne shi a lokacin, kuma kowa yana kuskure. Abin da nake so ɗaya ne, ya faɗa musu da bakinsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Juma'a in sun taru."

Juma'a ta zo, suka taru, ya yi musu zancen farashin riɗi. Ta biyu ya ce kansa na ciwo. Ta uku na tsaya a bakin rumfa da butar jabana a hannu ina kallonsa, ya buɗe baki, ya dubi Baffa, ya dubi jikoki, ya ce a gyara masa matashi. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Ranar sadakar uku Baffa ya fito da jakar fatar nan gaban jama'a. Ya ce Kaka ya bar wasiyya, riƙon iri ya koma hannuna. Ba a taɓa ba mace ba, balle ni. Wuri ya ɗauki salati. Baffa ya share hawaye ya ce, "Kun ga halin manya. Ita ta zage shi, shi ya yafe mata." Mata suka yi ta rungumata suna cewa in gode wa Allah. Na karɓi jakar hannu biyu. Na san abin da Kaka yake nufi da ita, haƙuri yake ba ni a yaren da ya iya. Amma ko haƙurin nasa sai da ya zama wani sabon laifi a kaina, kuma ya san haka za a fassara shi.

Wata biyu bayan haka matar ɗan Baffa ta haihu, namiji, aka mayar da sunan Kaka. Ni ce mai shafa kunu. Tun ranar da aka haife shi nake juya abin a raina. In na faɗi maganar yadda aka saba, na zauna lafiya da kowa, kuma na zama shi. In na faɗi gaskiya, ba ni da takarda, ba ni da shaida, mai shaidar yana ƙarƙashin ƙasa. Za a ce ko arba'in ɗinsa ba ta daɗe ba na sake tono shi.

Ɗakin mai jego cike yake da mata, turaren wuta ya turnuƙe. Aka miƙo mini yaron da ƙoƙon kunu. Na dangwala, na shafa masa, ya motsa baki. Kowa yana jiran kalmomin. Na ce, "Wannan dawar kakan babanka ce. Ta gida ta mutu a hannunsa yana saurayi. Wannan a kasuwar Gadarif ya saye ta, ya yi shekara hamsin yana zaɓenta da hannunsa daga tsakiyar gona. Shi ya gaya mini. Kai kuwa daga gida ka zo, ko da dawa ko babu."

Matar Baffa ta dafe ƙirji. Wata ta ce, "La'ilaha, ta sake!" Inna ta rufe fuska da mayafi. Na ji an fara cewa a karɓe yaron daga hannuna.

Sai Gwaggo ta yi magana daga kusurwar da take zaune, ƙafafunta a miƙe, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ba Gadarif ba ne. A nan an san fuskarsa. Showak muka je." Ta gyara zaman carbinta. "Ni na zaɓi mai rawayar. Shi hannunsa rawa yake yi."

Masu cewa a karɓe yaron suka fasa. Jaririn yana ta tsotsar leɓe. Ni kuwa maimakon sanyi, wani sabon zafi ne ya taso mini. Na ce, "Gwaggo, kina wurin ranar nan. Kina tsince riɗi." Ta ce, "Ina wurin." Na ce me ya hana ki magana? Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Yayana ne."

Kafin azahar magana ta kai rumfar maza. Tsohon nan na Mafaza, mai kukan igiya ta tsinke, aka ce sunkuyar da kai kawai ya yi, ya ce Allah ya rufa mana asiri. Shi ma ya sani. Baffa bai ce mini komai ba har yau. Baba ya zo bakin ƙofar mata ya tsaya, ya kira ni, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Uwata, akwai sauran kunun?" Na zubo masa. A tsaye ya shanye, ya miƙo mini ƙoƙon da hannu biyu.

Na rubuta wa duktora na ba ta haƙuri. Ta ce dawar da mutum ɗaya ya yi shekara hamsin yana zaɓa ta riga ta zama iri mai zaman kansa, ya kamata a sa mata suna. Ban sa ba. A gida har yanzu kaura ake ce mata, ni ma haka nake cewa.

Bana na shuka ta. Da ta nuna na ɗauki kwando na wuce 'yan gulmar bakin gona, na kutsa tsakiya, laka ta cire mini takalmi ɗaya. Can na tsaya na yi masa faɗan da ban gama yi masa ba, da ƙarfi, ba mai ji sai tsuntsaye. Na ce masa tsohon ango mai haƙori uku, matsoraci, ka iya kai iri Mafaza a kan jaki cikin ambaliya, ka kasa faɗin magana ɗaya a tsakar gidanka.

Kullum bayan sallah ina roƙa masa rahama, kuma da zuciya ɗaya nake roƙa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da rumbun da ya buɗe wa baƙi, ya dubi tsoronsa da idon tausayi. Amma kalmar nan da gida ya amsa wa Baffa a bakin ƙofa, har yau ban faɗe ta ba. Ina roƙon Allah ya ba ni ikonta kafin a tsaya a bakin ƙofa a nema mini tawa.

Irin kuwa na raba shi uku. Na Mafaza ya tafi, na Fau ya tafi. Namu yana rataye a ɗakin girki, ya fara baƙi.